Yadda Ake Zaɓen Tayil da Tsara Shi Idan Za A Gyara Banɗaki da Kicin

Karon farko da na gyara banɗakin gidana, mako biyu na kwashe ina zaɓen launi, amma ko minti biyar ban yi ba ina tunanin inda ruwa zai bi. Na samo tayil fari sol mai ƙyalli, har mutum na ganin fuskarsa a ciki, aka shimfiɗa ƙasa da bango. Ba a rufa wata shida ba fentin ɗakin da ke jingine da banɗakin ya soma kumbura yana ɓarewa, ruwan wanka kuma ya riƙa kwanciya a wata kusurwa da ke nesa da magudana, kullum sai an bi shi da tsintsiya. Santsi kuwa ba a magana, kyan ɗan maciji ne kawai. Ƙarshenta sai da aka fasa ƙasan gaba ɗaya. Matakan da ke tafe na jera su ne bisa yadda aikin ya kamata ya bi: ruwa tukuna, sannan ƙafa, sannan awo, launi daga baya.

Mataki na 1: Tsayar da wurin kowane abu kafin a ɗaga guduma

Ɗauki tef da takarda ka zana ɗakin daga sama. Sa wurin ƙofa, taga, shawa, masai, wurin wanke hannu da magudanar ƙasa. A kicin kuma sa sinki, murhu da firiji. Waɗannan ukun su ne mai girki ke zirga-zirga a tsakaninsu, don haka kada su yi nisa da juna, kada kuma hanyar wucewar mutane ta ratsa tsakiyarsu. Tsayin kanta, wato teburin aikin kicin, da aka saba yana kusa da santimita 90, faɗinta 60, tazarar da ke tsakaninta da kabad ɗin sama kuwa 45 zuwa 60. Wannan tazarar ce tayil ɗin bangon kicin zai rufe, saboda haka ka san ta tun yanzu.

Duk wani bututu da za a kau da shi ko a ƙara, da duk wayar lantarki, yanzu ne lokacinsu. Tun ran gini tun ran zane. Idan mai aikin famfo ya gama, a toshe bakunan bututun a sake ruwa a bar shi ya kwana a ciki, a duba kowace mahaɗa. Kafin a yi filasta, ɗauki hoton bangon da wayarka, tef a miƙe a jikin bututun yadda lambobin za su fito. Ranar da za ka huda bango don rataye madubi za ka gode wa kanka.

Mataki na 2: Duba abin da ke ƙarƙashi

Mutane kan tambaya ko za a iya ɗora sabon tayil a kan tsoho. Ana iyawa, idan tsohon ya kama daram. Bi shi ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukudireba: wanda ya kama yana ba da sauti a dunƙule, wanda ya saki kuma yana amsawa kamar ganga. Sai dai ƙasa za ta tashi da kusan santimita 1 zuwa 1.5, ƙofa na iya ƙin buɗuwa, kuma sai an nemi gam na musamman. A kicin ina iya yarda. A banɗakin da ya taɓa yoyo kuwa, a fasa kawai, domin ba ka san abin da ke ɓoye ba.

Idan an zuba sabon daɓe na yashi da siminti, a ba shi aƙalla mako uku kafin tayil, kankare kuma ya fi haka. Siminti na tsukewa yayin da yake bushewa, tayil ɗin da aka manna da wuri shi ke ɗaukar wahalar, ya tsage ko ya ɗago. Sauri ya haifi nawa. Bayan ya bushe, kwantar da miƙaƙƙen katako ko ƙarfe mai tsawon mita 2 a wurare daban-daban. Ramin da ya wuce milimita 3 a ƙarƙashinsa a cike shi, tudu kuma a goge. Kada ka yarda da "za mu gyara da gam", gam ba don cike rami aka yi shi ba.

Mataki na 3: Gangare da maganin ruwa

Nan ne aikin banɗaki yake, nan kuma aka fi yin ha'inci saboda da zarar tayil ya hau babu mai gani. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, tayil da abin cike layinsa ba sa tare ruwa gaba ɗaya. Abin cike layi na siminti yana shan ruwa, ruwan ya gangara ƙarƙashi, in bai tarar da shamaki ba ya shige bulo, ya ɓullo a ɗakin maƙwabta ko silin na ƙasa.

Da farko gangare. Ƙasan wurin wanka ya riƙa sauka santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa bakin magudana. Idan daga ƙofa zuwa magudana mita ɗaya da rabi ne, bambancin ya kai santimita 1.5 zuwa 3. A jikin daɓen ake yin gangaren, tun kafin tayil. Gwajinsa ba wuya: zuba bokitin ruwa a kowace kusurwa ka tsaya ka kalla. Inda ya tsaya, zagaye shi da alli ka kira mai aiki.

Sai shafin hana ruwa. Akwai mai kama da fenti mai kauri, akwai na gari da ake kwaɓawa da ruwansa, akwai kuma na shimfiɗa kamar leda. Kowanne ka samu, ƙa'idar ɗaya ce. A share ƙura tas. A fara da kusurwoyi, inda bango ya haɗu da ƙasa, da kewayen magudana da inda bututu ya fito, a manna ƙyallen da aka yi don haka a cikin shafin, domin nan ne gini ke motsi ya tsage. A yi shafi biyu, na biyu ya gicciye na farko bayan ya bushe. A ƙasa a rufe ko'ina, a haura bango da santimita 15. A wurin shawa kuwa a kai shi mita 1.8 zuwa 2, sama da kan shawar.

Idan ya bushe, toshe magudana, cika ƙasan da ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, yi alama a bango, ka bar shi awa 24. Washegari duba alamar, duba bayan bangon, in bene ne sauka ƙasa ka ɗaga kai. Mai aiki zai ce ɓata lokaci ne. Bar shi ya faɗa.

Mataki na 4: Karanta kwalin tayil

Tayil ɗin da ake samu galibi iri biyu ne, seramik da foselin. Dukansu yumɓu ne da aka gasa, amma foselin an matse shi sosai an gasa da wuta mai tsanani, shi ya sa ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba. Seramik na bango kan sha sama da kashi 10. Kana iya gwadawa da kanka: juya bayan tayil ka ɗiga ruwa. In ya shanye nan take seramik ne, in ya tsaya cur foselin ne. Seramik ya fi sauƙin yanka, ba nauyi, ya wadatar a bango. Foselin ya fi dacewa da ƙasa. Tayil ɗin ƙasa na iya hawa bango in bangon zai ɗauki nauyinsa, amma na bango kada ya kuskura ya sauko ƙasa.

A jikin kwali akwai alamomin da yawancin masu saye ba sa kallo. PEI yana nuna juriyar fuskar tayil ga gogayyar ƙafa, daga 1 zuwa 5. Na 1 da na 2 a bar su a bango ko inda ba a cika takawa ba, na 3 ya isa banɗaki, kicin kuwa gara na 4 saboda yawan zirga-zirga da yashin da takalmi ke shigowa da shi. Sai alamar santsi, wadda ta samo asali daga gwajin Jamus, R9 zuwa R13. Yawan lambar, yawan riƙon ƙafa. R9 na busasshen wuri ne, banɗaki da kicin a fara daga R10, cikin shawa R11 ya fi kwanciyar hankali. Akwai wani gwajin na ƙafa ba takalmi mai haruffa A, B, C, wanda a wurin wanka ake son B zuwa sama. Sai dai a kicin kada a zarce, domin tayil mai kaushi sosai yana riƙe maiƙo, gogewa ta zama aiki. In kwalin bai nuna komai ba, jiƙa tayil ɗin ka murza tafin hannunka a kai. Musamman in akwai tsofaffi ko yara a gidan, wannan gwajin ya fi launi muhimmanci.

Masu sha'awar dutse su sani, mabul da asid ba sa ga maciji. Ruwan tsami kaɗan ya ɗiga a kai sai ya cinye ƙyallin ya bar tabo. Giranit ya fi shi jurewa nesa ba kusa ba. Dukansu suna son a riƙa shafa musu abin toshe ƙofofin dutse lokaci-lokaci. Wanda ba zai iya wannan hidima ba ya nemi foselin mai zanen mabul ya huta.

Mataki na 5: Girma, launi da fasali

Babban tayil, irin 60×60 ko 60×120, yana rage yawan layi, ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi, wanki ya yi sauƙi. Amma babban tayil ba ya lanƙwasa ya bi gangare. A ƙasan shawa mai magudana a tsakiya, ƙanana ne ke aiki, 10×10 ko 5×5 masu zuwa a jere a kan raga, kuma yawan layinsu na ƙara riƙon ƙafa. In dole sai babba kake so, to a sa doguwar magudana a jikin bango ɗaya, ƙasan duka ya karkata wajenta.

Game da launi, ga abin da ido ya gani. Baƙin tayil mai ƙyalli yana tona asirin kowane ɗigon sabulu da farin tabon da ruwa ke bari. Fari sol a ƙasa kuma ko silin gashi ɗaya ya faɗi sai an gani. Ruwan toka, ruwan ƙasa da masu ɗan zane-zane su ne ke rufa wa mai gida asiri. A ƙaramin banɗaki mara taga, bango mai haske da ƙyalli yana dawo da hasken fitila. Ni dai shawarata, kwalliya ta tsaya a wuri ɗaya: ko bangon shawa, ko ƙasa, ko bayan murhu, sauran su yi shiru. Idan kowane bango na ihu, cikin shekara ɗaya ido zai gaji, tayil kuwa ba labule ba ne da za a sauya da yamma.

A bangon kicin, mai ƙyalli da santsi ya fi, domin maiƙo na fita da shafa ɗaya. Ƙaramin tayil ɗin nan mai kama da bulo, kusan 7.5×15, ya samo sunansa daga tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York da aka buɗe a 1904, kuma har yau bai tsufa ba. Aibinsa yawan layi a bayan murhu, inda maiƙo ke taruwa. Akwai kuma na hannu irin zalij na Maroko, wanda kyansa a rashin daidaituwarsa yake, amma yana son ƙwararren hannu.

Kada ka yanke hukunci a ƙarƙashin fitilun wurin sayarwa. Karɓo guda ɗaya ko biyu ka jingina su a ɗakin, ka gani da safe, ka gani da dare, kusa da ƙofar kabad da kanta.

Mataki na 6: Lissafi

Ce banɗakin mita 2 ne da 2.5, tsayin bango 2.4. Ƙasa murabba'in mita 5 ke nan. Kewayen bango mita 9, sau 2.4 ya ba da 21.6, a cire ƙofa da taga ya rage kusan 20. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa: ƙasa 5.5, bango 22. In za a jera a karkace ko saƙar ƙashin kifi, ƙarin ya zama kashi 15. Tayil 30×60 da ke zuwa takwas a kwali yana rufe 1.44, don haka bangon zai ci kwali 16.

Saya duka lokaci ɗaya, ka duba lambar gashi (ta rukunin da aka gasa tare) da lambar launi a kowane kwali su zama ɗaya. Tayil mai suna ɗaya da aka gasa a ranaku daban yakan bambanta a launi, wani lokaci har da milimita ɗaya a girma. Ajiye kwali ɗaya bayan an gama, domin ranar da guda ya fashe da wuya ka sake samun irinsa.

Mataki na 7: Jera shi a bushe kafin gam

Wannan matakin ne ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. Ce faɗin bango santimita 250 ne, tayil 60. Wanda ya fara daga kusurwa zai jera huɗu, ya ƙare da siririn yanki na santimita 10 ko ƙasa da haka a ɗaya gefen, abin da ido zai fara gani kullum. In aka fara daga tsakiya, cikakku uku su zauna, gefe da gefe a sa yanki 35. Ƙa'idar ita ce kada yanki ya gaza kashi ɗaya cikin uku na tayil, rabi ya fi. Tsaya a bakin ƙofa ka ga inda idonka ke fara sauka, nan cikakkun za su zauna, yankakkun su ɓuya bayan ƙofa ko ƙarƙashin kabad.

Kada ka amince cewa bango a miƙe yake. Ja layi biyu masu gicciye a ƙasa ka gwada su da awon 3-4-5: santimita 60 a layi ɗaya, 80 a ɗayan, tsakanin alamun biyu ya ba da 100 cif. A bango kuma ba a farawa daga ƙasa, tunda ƙasan na da gangare. A kafa miƙaƙƙen katako da lebul a tsayin layi na biyu, a hau daga nan, layin ƙasa a yanka shi daga ƙarshe ya sauka a kan tayil ɗin ƙasa, yadda ruwan bango zai zubo a kai maimakon ya shige baya.

Dogon tayil mai kama da katako yakan ɗan yi doro a tsakiya daga wurin gashi. In aka jera shi rabi da rabi kamar bulo, doron wani zai haɗu da bakin wani, ƙafa ta riƙa tuntuɓe. A goce da kashi ɗaya cikin uku kawai. A kuma riƙa ɗauko tayil daga kwalaye uku ko huɗu ana cakuɗawa.

Mataki na 8: Mannawa

Tsohuwar hanyar yashi da siminti tana aiki da seramik da aka jiƙa, domin yana shan ruwan simintin ya kama. Foselin ba ya sha, saboda haka siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau, bayan wani lokaci sai ka ji yana amsa ƙafa. Shi gam ɗin tayil yake so, wanda aka rubuta C2 a buhunsa, in babba ne a nemi mai ƙarin S1 da ke jure motsi. A kwaɓa daidai yadda buhun ya ce, kuma in ya fara daskarewa a zubar, kada a ƙara ruwa.

A shimfiɗa gam da cokali mai haƙora, milimita 6 ga ƙanana, 10 zuwa 12 ga manya, layukan su bi hanya ɗaya don iska ta samu mafita. Kada a shimfiɗa fiye da abin da za a rufe cikin minti 20. Babban tayil a shafa masa siririn gam a bayansa ma. Abin da za ka hana ko da za a yi rigima shi ne ɗora dunƙule biyar na gam a bayan tayil a manna. Ramukan da ke tsakani ruwa ke zama a ciki, kuma nan tayil ke fashewa in abu mai nauyi ya faɗo. Lokaci-lokaci ka sa a ɗago guda ɗaya ka gani: a wurin ruwa, bayansa ya kamata ya shafu kusan duka.

Kada a haɗe tayil baki da baki. A bar milimita 2 ga masu yankakken baki na inji, 3 zuwa 5 ga sauran, da 'yan robobin tazara. A gefen bango kuma a bar kamar milimita 5, domin tayil na buɗewa da zafi, in bai samu wuri ba sai ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Mai yanka da giranda ya yi da ruwa ko ya rufe hanci da abin kariya mai kyau, ƙurar tayil na lalata huhu.

Mataki na 9: Cike layi da silikon

Bayan awa 24 a cire robobin, a kankare gam ɗin da ya cika layi, a cusa abin cike layi da cokalin roba a karkace, a goge da soso mai ɗan danshi kafin ya bushe a fuskar tayil. Farin layi a ƙasa wata uku ne ya koma kalar datti, gara ruwan toka ko wanda ya yi kusa da launin tayil. Na ifoksi, wato mai sinadari kamar roba maimakon siminti, ba ya shan ruwa ba ya kama tabo, ya dace da shawa da bayan murhu, sai dai yana saurin kamawa, in mai aikin bai taɓa yi ba kada a koya a gidanka.

Duk inda fuska biyu suka haɗu, bango da bango, bango da ƙasa, tayil da kanta, kewayen sinki da baho, silikon mai maganin funfuna ake sawa, domin abin cike layi na tsagewa a nan. A manna tef gefe da gefe, a matsa silikon, a lallashe da yatsa mai ruwan sabulu, a cire tef nan take. A bar shawa ta huta kwana biyu zuwa uku kafin a sake mata ruwa. Wajen wanki na yau da kullum a guji ruwan wanki mai asid, yana cin layin siminti a hankali, kuma in banɗakin ba taga a sa fankar zuƙe tururi, a bar ta tana aiki kamar minti 15 bayan kowane wanka.